Farashin Inji Ba Shi Ne Kuɗinsa Ba

Azuba tana bakin babbar hanyar da ta taso daga Akwanga ta shiga Lafiya, a gefen da babban birnin Jihar Nasarawa yake ta miƙe ƙafa. Tun da aka mai da hanyar Keffi zuwa Makurɗi tagwaye, mai fili a wannan yanki ya samu abubuwa biyu da duk mai son kafa masana'anta ke nema: sarari, da kwaltar da za ta kai kaya Abuja cikin 'yan sa'o'i. Sana'ar da ta fi kusa da hannu kuwa sananniya ce. Lafiya ta daɗe cikin manyan cibiyoyin casar shinkafa na ƙasar nan, ana ambatarta tare da Abakaliki, shanshera na zuwar mata daga fadamun Doma da Awe da Keana da Obi, har daga Binuwai da Taraba. Shi ya sa idan mutum ya tara 'yan miliyoyinsa, ko ya karɓi kuɗin sallama bayan ritaya, ko ƙungiya ta samu rance, abin da ke fara faɗo musu a rai shi ne injin casa. Tambayar farko da ake yi wa dillali guda ce: nawa ne? Ita ce kuma ta fi kowace tambaya ƙarancin amfani. Abin da ya kamata mai saye ya nemi sani shi ne nawa injin zai ci daga ranar da aka sauke shi daga tirela zuwa ranar da 'yan gwangwan za su ɗora shi a sikeli, da kuma buhu nawa na shinkafa mai sayuwa zai fitar tsakanin ranakun nan biyu. A raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne ainihin farashin injin.

Lissafin ba sabo ba ne. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta mai da shi ƙa'ida a shekarun 1960, bayan ta lura cewa kuɗin gudanar da kayan yaƙi da gyaransu yakan zarce kuɗin sayensu, har kamfanin da ya kawo tayi mafi araha ya zama shi ne mafi tsada daga baya. Daga can masana'antu suka ɗauka. Amma Bahaushen da ya taɓa ɗaure doki a turke bai jira Amurka ta koya masa ba. Ya san kuɗin da ya biya a kasuwa somin-taɓi ne, harawa da dawa da kanwa da yaron barga su ne dokin. Abin mamaki shi ne yadda wannan sani yake ɓacewa da zarar an tsaya gaban sabon ƙarfe mai sheƙin fenti. Tun kafin injin ya yi juyin farko akwai kuɗin jirgin ruwa, da na kwastan, da na tirelar da za ta ɗauko shi daga Apapa, da kankaren da za a girke shi a kai, da rumfa, da wayoyi, da taransfoma, da rijiyar burtsatse idan za a yi gumi a wurin, da ladan wanda zai haɗa shi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardar farashin da dillali ke miƙawa. Duk da haka su ne masu sauƙin gani, domin sau ɗaya ake biyansu kuma suna da rasit. Waɗanda ke karya mai masana'anta su ne masu zuwa kaɗan-kaɗan.

A fara da abincin injin. Wani bincike da Hukumar Makamashi ta Duniya ta wallafa a 2011 ya ƙiyasta cewa injinan lantarki masu juya na'urori suna shanye fiye da kashi 40 cikin ɗari na duk wutar da ake sha a duniya. Injiniyoyi kuma sun daɗe da sanin cewa idan irin wannan inji yana aiki sa'o'i masu yawa, kuɗin wutarsa yakan haura kashi 90 cikin ɗari na duk abin da za a kashe a kansa, kuɗin sayensa ɗan ƙalilan ne. Mu ƙaddara ƙaramar masana'anta a Azuba wadda na'urorinta ke jan kilowat 15, tana aiki awa 8 a rana, kwana 250 a shekara. Awa 2,000 ke nan, yunit 30,000 na wuta. A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, daga baya ya tsaya a wajen naira 209. A tsohon farashi wutar shekara guda ta wannan masana'anta naira miliyan 2 ce da ɗoriya. A sabo ta haura miliyan 6. Ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikin injin ba, amma kuɗin riƙe shi ya ninka uku a dare ɗaya. Idan janareta za a dogara da shi abin ya fi muni. Litar man gas takan ba da yunit uku ko ɗan fiye, wato wajen lita 10,000 a shekara. Man da litarsa ba ta kai naira 350 ba a farkon 2022 ya haura 700 kafin tsakiyar shekarar, ya wuce 1,000 kafin ƙarshen 2023. A wannan farashi, man shekara goma ya zarce naira miliyan 100, kuɗin da ya isa ya sayi ƙaramin injin sau da dama. To a nan ne ƙaramin bambanci ke zama babba. Tsakanin injin lantarki na kilowat 15 mai ƙaramar daraja da mai inganci, tazarar ba ta wuce kashi 3 ko 4 cikin ɗari na wutar da suke sha ba, abin da ba wanda zai kula da shi a shago. A awa 2,000 kuwa ta kai yunit 1,000 ko fiye, sama da naira 200,000 kowace shekara ta Allah.

Mutanen Lafiya ba sa buƙatar a ba su labarin wuta. Shekara da shekaru babban birnin jiha guda yana rataye a ƙaramin layin da ya taso daga Akwanga, wutar da ke zuwa ba ta da ƙarfin tayar da babban inji, sai sana'ar casa ta girma a kan man gas. Babbar tashar wuta ta Akurba, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Fabrairun 2022, ta sauya lissafin. Sai dai tasha daban, layin da kamfanin rarraba wuta na AEDC ya ja zuwa ƙofar masana'antarka daban. Mai son kafa inji a Azuba ya wajaba ya san layin da yake kai, awa nawa yake kawo wuta a watan Maris da Afrilu ba a watan Agusta ba, da kuma yadda ƙarfinta ke hawa da sauka. Wuta mai rauni tana ƙona kwayil, kuma injin da aka sake naɗa wa kwayil a gaggauce yakan dawo yana shan wuta fiye da da. Kuɗin mai naɗi sau ɗaya ake biya, ƙarin wutar kuwa kullum.

Mafi girman kuɗin da injin casa ke ci, ba a taɓa ciro shi daga aljihu ba, shi ya sa ba a jin zafinsa. Kowane buhun shanshera, kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa ɓuntu ne, kashi 8 zuwa 12 dusa, saura wajen kashi 70 shi ne ƙwayar da ake ci. Aikin inji shi ne ya fitar da wannan ƙwaya lafiya lau. Injin da ya fi yawa a rumfunan casa na Lafiya da Kura da Abakaliki jikan wanda wani ɗan Brazil, Evaristo Engelberg, ya ƙirƙiro ne a shekarun 1880. Idan aka buɗe murfinsa, gungumen ƙarfe ne mai tudu-tudu a jiki yana juyawa cikin kwanso, ga wata doguwar wuƙa a gefe da ake matsawa ko a sassauta, ga rariyar ƙarfe a ƙasa. Shanshera na gangarowa daga mazurari, a matse ta, ta gogi ƙarfe ta gogi 'yar'uwarta, ɓuntu da dusa su fita lokaci guda ta rariya, shinkafa ta zubo da zafinta. Mai tuƙa injin yakan tara tafin hannu a baki, ya hure ƙura, ya duba ƙwayar, ya ɗan juya makullin wuƙar. Duk ingancin aikin yana tsakanin idonsa da wannan makulli. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke ƙasar Filifin ta nuna cewa irin wannan inji, a kan ɗanyar shanshera, yakan fitar da kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari ne kawai, mafi yawa kuma a karye, alhali masana'anta mai matakai da ke ɓare ɓuntu da roba takan kai kashi 65 zuwa 70. A ƙaddara masana'antar da ke casar tan 1,000 a shekara. Tazarar kashi 5 cikin ɗari kacal tan 50 ce, buhu 1,000 mai kilo 50. Mai karatu ya buga da farashin buhu na yau ya ga abin da ke tafiya cikin tsibin ɓuntun da ke bayan rumfa. Har dusar ma an yi asararta, domin ta fito a gauraye da niƙaƙƙen ɓuntu, ba ta da darajar tsantsar dusar da masu haɗa abincin kaji ke saye.

Wanda ya san sana'ar zai tsayar da ni a nan, kuma da gaskiyarsa. Zai ce alƙaluman nan na ɗanyar shinkafa ne, alhali ta Lafiya gumi ake yi mata: a jiƙa ta, a turara ta a ganga, a shanya, ƙwayar ta yi tauri ta jure matsin ƙarfe, karyewarta ta ragu sosai. Haka ne, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa injin ya rayu a nan da kuma Indiya bayan ya mutu a wasu ƙasashe. Tazarar da ke tsakaninsa da na zamani a kan shinkafar gumi ba ta kai ta ɗanya ba. Amma ko kashi 2 cikin ɗari ce, a tan 1,000 buhu 400 ne. Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi wannan zurfi, kuma shi ne ke nuna cewa lissafin rayuwar inji bai da amsa ɗaya ga kowa. Da yawa daga masu injinan Lafiya ba tasu suke casa ba. 'Yan kasuwa ne ke kawo shinkafar, a biya ladan casa, a kwashe. Idan ƙwaya ta karye ko ta bi ɓuntu, asarar ɗan kasuwa ce. Idan aka sayi inji mai tsada, bashin na mai rumfa ne. Mutumin da ake biyansa lada, kuma ba wanda zai ƙara masa ko kwabo don ya fitar da ƙwaya mai kyau, ba wauta yake yi ba idan ya riƙe tsohon ƙarfensa. Littafinsa ne ya gaya masa haka. Lissafin yana juyewa ne ranar da ya fara sayen shanshera da kuɗinsa yana sayar da shinkafa da sunansa, ko ranar da masu kawo masa aiki suka yarda su biya lada biyu, na casa mai kyau da na gama-gari. Saboda haka tambayar da ke gaban wace irin na'ura ita ce wace irin sana'a.

Sabon injin ma da nasa cikin. Roba biyu ne masu juyawa suna fuskantar juna, ɗaya ta fi ɗaya gudu, ƙwayar na wucewa tsakaninsu ɓuntun ya salluɓe ba tare da an murƙushe ta ba. Wannan taushi shi ne amfaninsa, shi ne kuma tsadarsa, domin robar tana cinyewa. Da tan ake ƙirga rayuwarta, kuma ba ta da tsawon rai, musamman a kan doguwar ƙwaya irin Faro 44, ko shanshera mai yashi da tsakuwa, ko a zafin bazara. Ba ta kuma ajiyuwa shekara da shekaru a sito, lalacewa take yi. Daga waje ake kawo yawancinta, wato da dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya sayi inji a 2022 ya rubuta kuɗin roba da rariya da boris da naira, littafinsa ya zama tatsuniya cikin wata takwas. Na'urar da ke tsince baƙar ƙwaya da idon kyamara, wadda ita ce ke sa shinkafar gida ta yi gogayya da 'yar waje a kantunan Abuja, tana buƙatar busasshiyar iska mai matsi, da wuta marar rawa, da gwanin da wataƙila sai an kira shi daga Kano ko Legas. Kwatanta wannan da tsohon injin man gas na Lista mai tafiyar hawainiya, wanda kamfanin R. A. Lister na Ingila ya fara ƙerawa a 1929, ya daina a 1987, maƙeran Rajkot a Indiya suka ci gaba da kwaikwayonsa. Yana shan mai, yana hayaƙi, yana girgiza ƙasa, amma duk bakaniken da ke Lafiya ya san cikinsa, abin da ya karye kuma mai walda ko maƙerin Panteka a Kaduna ko ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano zai samar da shi. Ranar da inji ya tsaya ba hutu ba ce: albashi na tafiya, bashi na tafiya, masu kawo aiki sun koma rumfar maƙwabci. Mako uku ana jiran ƙaramin allon lantarki daga Sin a tsakiyar kaka, lokacin da shanshera ta fi araha da yawa, na iya cinye ribar da injin ya tara a wata shida. Dole kwanakin tsayuwa su shiga lissafi da farashinsu, kamar yadda man gas ya shiga.

Yanzu ga abin da, a ganina, ya fi duk sauran yanke hukunci: awa nawa injin zai yi aiki a shekara. A ƙaddara an kashe naira miliyan 60 wajen saye da girkewa, ana sa ran shekara goma. Miliyan 6 ke nan kowace shekara, ko an kunna ko ba a kunna ba. Idan ya fitar da buhu 20,000, kowane buhu ya ɗauki naira 300 na wannan nauyi. Idan buhu 4,000 ya samu, kowanne ya ɗauki 1,500. Inji ɗaya ne, rumfa ɗaya ce, amma farashinsa ya ninka biyar saboda abin da ke faruwa a gona da kasuwa, ba a cikin ƙarfen ba. Ƙasar nan ta ga wannan da idonta. Bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Kebbi a Nuwamban 2015, da rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, manyan masana'antun shinkafa suka yi ta tsirowa a Kano da Kebbi da Jigawa, kowa yana lissafi da farashin lokacin da ba 'yar waje. Da shanshera ta yi tsada ta yi ƙaranci, sannan a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci har da shinkafar da aka ɓare na kwana 150, sai ƙungiyoyin masu casa suka shiga kokawa cewa injinansu na zaune. Masana'antar Imota ta Jihar Legas, da aka buɗe a Janairun 2023, tana iya cin tan 32 a awa guda. Idan ta yi awa 20 a rana, tan 640 take buƙata, fiye da tirela ashirin kullum, a jihar da ba ta noma abin da ya kama ƙafar haka. Kamfanin Olam, da ya kafa tasa a Rukubi cikin Ƙaramar Hukumar Doma, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe a 2014, ya girke injinsa ne a tsakiyar gonarsa ta noman rani, ya kuma ƙulla da manoman kewaye. Wato ya fara tabbatar da abincin injin kafin injin. Mai jari a Azuba ba shi da gona irin ta Rukubi, amma darasin ya shafe shi: ƙaramin injin da ke cike kullum ya fi babban da ke jiran kaka araha, ko da babban ya fi shi komai a takarda.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ya fi wuyar shiga kai. Naira miliyan ɗaya ta yau da wadda za a samu bayan shekara biyar ba ɗaya ba ne. A cikin 2024 Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari, rancen bankunan kasuwanci ya kusanci kashi 30. A kan kashi 30, miliyan ɗaya da inji mai inganci zai cece maka a shekara ta biyar darajarta a yau wajen naira 270,000 ce. A kan kashi 9, irin rancen da Bankin Masana'antu ke bayarwa a wasu shirye-shiryen gwamnati, ta kai 650,000. Ma'anar wannan ita ce tsadar rance tana tura mutane zuwa ga inji mai araha mai ɓarna, domin ribar mai kyau tana nesa, bashinsa kuwa yana kusa. Wanda ke zargin masu masana'antunmu da gajeren tunani ya fara duba wannan. Sai dai a yi hattara kada a zarce: litar man da aka cece a shekara ta biyar ba a farashin yau za a saye ta ba, ita ma tana hawa, don haka tazarar ba ta kai yadda alƙaluman suka nuna ba. Wani zai ce shi ba ruwansa da kuɗin ruwa, da guminsa zai saya, ko ta hanyar murabaha ko ijara a bankin Jaiz ko TAJ. Madalla. Amma lokaci bai ƙyale shi ba. Duk miliyan ɗin da ya daskarar a ƙarfe, miliyan ce da ba ta sayi shanshera a watan Nuwamba ba. Masana'antar da ta zuba duk jarinta a na'ura ta wayi gari ba kuɗin juyawa ta koma yi wa wasu casa a kan lada, da injin da aka saya don wata sana'ar dabam.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a kan duk wannan shi ne cewa a Najeriya ba mai iya hangen shekara goma. Wa ya hango cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 zai zo da faɗuwar naira makonni kaɗan bayansa? Wa ya san hauhawar farashi za ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024? Idan haka ne, in ji mai ƙorafi, lissafin ɓata takarda ne, gara a sayi abin da aljihu ya iya a bar wa Allah sauran. Rabin maganar gaskiya ne: duk lissafin shekara goma da aka rubuta da naira zalla ya mutu tun kafin tawadar ta bushe. Amma maganinsa ba daina lissafi ba ne, sauya ma'auni ne. Ba wanda ya san farashin man gas na shekara mai zuwa, amma ana iya sanin lita nawa inji ke sha a kowane tan. Ba wanda ya san dala, amma ana iya sanin roba nawa za a canza da dala nawa kowace. Kilo nawa na shinkafa ke fita daga kilo 100 na shanshera bai damu da wanda ke mulki ba. A rubuta kowane inji da lita da yunit da dala da buhu da kwanakin tsayuwa, sannan a ɗora farashi sau uku: na yau, na ranar da dala ta ninka, na shekarar da shanshera ta ba da rabin abin da aka zata. Abin da ake nema ba adadi ɗaya mai tsarki ba ne. Ana son a ga inda kowane inji ke karyewa. Wani yana cin riba ne kawai idan wuta ta tsaya kuma rumbu ya cika. Wani ribarsa kaɗan ce amma yana tsaye a duk ukun. A ƙasar da farashi ke tsalle, sanin wannan ya fi amfani gare mu fiye da ga Bajamushen da farashinsa ke tafiya a hankali.

Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan fage wani lokaci tana yi. Daga 2011 zuwa 2016 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta gudanar da wani shiri na inganta sarrafa shinkafa a Lafiya da Bida. Cikin abubuwan da aka koyar akwai wani faifan ƙarfe mai huji-huji da ake sakawa a cikin gangar gumi, ya ɗaga shinkafar sama da ruwa, tururi kaɗai ya dafa ta, ta ƙasa ba ta dahu ta wuce ba, launi ya fito bai ɗaya. Mai walda na unguwa zai iya ƙera shi. Ba ya shan wuta, ba ya jiran kayan gyara daga ko'ina. Haka nan shanya a kan daɓe ko tamfol maimakon ƙasa, da busarwa zuwa danshin kashi 14 cikin ɗari kafin casa, da ƙaramin injin cire tsakuwa a bayan tsohon inji. Idan aka auna naira nawa aka kashe da naira nawa ta ƙaru a kan buhu, waɗannan ƙananan abubuwa sukan doke babbar na'ura, kuma babbar na'urar ma ba ta gyara shinkafar da aka ɓata tun a ganga. Wannan ita ce amsa ga wanda ya ce lissafin rayuwar inji na masu kuɗi ne. Mai ƙaramin jari ne ya fi buƙatarsa, domin shi ba shi da damar yin kuskure sau biyu.

Ina za a samo alƙaluman? Ba a takardar talla ba. Abin da ke rubuce a can an auna shi ne da tsabtatacciyar shanshera iri ɗaya da wutar da ba ta ƙiftawa. Wanda ya riga ya mallaki inji yana da hanya mafi sauƙi: littafi mai layi huɗu, kilo nawa ya shiga, kilo nawa ya fita, lita ko yunit nawa aka sha, awa nawa aka tsaya kuma me ya tsayar. Wata uku na wannan ya ishe shi ya san ko injinsa yana ciyar da shi ko shi ke ciyar da injin. Wanda bai saya ba tukuna ya tambayi dillali inda irin injin yake aiki shekara uku ko fiye, a Lafiya ko Kura ko Kebbi, ya je ya ga mai tuƙa shi, ba mai shi kaɗai ba. Idan na hannu ne, kwancen wata masana'anta da ta rufe, ya nemi sanin ko kamfanin da ya ƙera shi yana fitar da kayan gyaransa har yanzu, ya kuma rage shekarun da yake sa rai. Sannan ya ɗauki buhu goma na irin shansherar da zai riƙa samu a Doma ko Awe, da tsakuwarta da danshinta, ya auna ta a sikeli, ya raba biyu, ya kai rabi ga kowanne daga injinan da yake waswasi a kansu. Ya tsaya a kai har a gama, ya auna cikakkiyar ƙwaya daban, karyayya daban, dusa daban, ya duba mita ko tankin mai kafin a kunna da bayan an kashe.